Yadda ake gyara birkin mota feda ta cika ƙafa

Ƙorafin da aka fi kai wa makanike a kan birki shi ne: "Oga, yana kamawa, amma sai na kai ƙafa ƙasa." Wani ya ce sai ya buga sau biyu kafin ya ji fedar ta cika. Wani kuma ya ce da safe lafiya lau, amma da zarar ya sauko doguwar gangara da lodi sai ta yi laushi. Cututtuka uku ne daban, kowacce da maganinta. Wanda ya ruga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo manyan kaya kafin ya san wacce ce tasa, yakan dawo da fedar da ya tafi da ita, aljihu kuma ya yi sauƙi.

Dalilin a bayyane yake. Idan ka taka feda, tana tura fistin da ke cikin masta, wato famfon man birki, shi kuma ya tura man birki ta bututu zuwa tayoyi huɗu. Mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka ya kamata ya isa fad, wato takalmin birkin da ke damƙe faifan taya, kusan nan take. Duk tafiyar da feda ta yi alhali fad bai damƙi faifai ba, wani abu ne ya cinye ta a hanya: iska a cikin bututu, ruwan da ya zama tururi, tazara tsakanin lainin (takalmin birkin baya) da duram (kwanon ƙarfen da yake gogawa a ciki), tiyo mai kumbura, ko robar masta da ta gaji. Aikinka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wanda ba ya cin kuɗi.

Mataki na farko: gwaji daga kujerar direba

Kashe inji. Buga feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, wato iskar bosta ta ƙare. Bosta ita ce baƙar tukunyar nan da masta ke manne a jikinta, wadda ke rage wa ƙafa wahala. Riƙe fedar ka tayar da inji. Idan ta ɗan sauka kaɗan, bosta lafiyarta ƙalau. Idan ba ta motsa ba, kuma dama birkin yana da tauri ga rashin kamu, matsalarka tana bosta ko tiyonta, ba a wannan bayani take ba.

Yanzu inji na aiki, taka da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar rabin minti. Fedar da ke sulalewa a hankali zuwa ƙasa tana nufin mai yana samun hanyar gudu. Duba bayan kowace taya da jikin bututu. In babu yoyo ko'ina kuma man da ke tanki bai ragu ba, robar cikin masta ce ke barin mai ya koma baya. Babu bilidin, wato fitar da iska daga bututu, da zai gyara wannan, sai a sauya masta.

Fedar da ke da laushi tun daga sama, tana ɗan tauri idan an buga da sauri sannan ta koma, yawanci iska ce. Wadda ke tafiya da nisa sannan ta tsaya cak da ƙarfi kuwa tazara ce. Ga gwaji mai sauƙi ga motar da ke da duram a baya: ja birkin hannu ƙas-ƙas uku ko huɗu, sake takawa. In fedar ta tashi sama, lainin na baya ne ya yi nisa da duram.

Akwai kuma wadda sai bayan an sha kwana ko an bi hanya mai ramuka taku na farko ke yin nisa, na biyu ya dawo daidai. Wannan sau da yawa boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ya yi wasa, faifai yana kaɗawa yana tura fistin baya.

Mataki na biyu: cire taya ka gani da ido

Ajiye motar a wuri mai faɗi, sa dutse ko katako a bayan tayoyin da ke ƙasa, ɗaga da jak sannan ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka sa kanka ko hannunka a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kafin ka cire taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, duba boris kafin komai.

A gaba, kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, ka zare sandunan nan biyu da take zamewa a kansu. Ya kamata su shiga su fita da yatsa biyu. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga da zarar robarsu ta yage, sai ɗaya ta ƙame. Alamar tana jikin fad: ɗaya ya cinye ɗaya na nan, ko kuma ya cinye a karkace, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya da kauri. Fad mai karkata sai kalifa ta lanƙwasa kafin ya kwanta a faifai, wannan lanƙwasawar ce kake ji a ƙafa. Goge sandunan, shafa musu giris na birki mai silikon. Baƙin giris na gama-gari yana kumbura roba, bayan 'yan watanni sandar ta sake kamewa. Rataye kalifar da waya yayin aiki, kada ta yi lilo a jikin tiyo.

Duba faifai ma. Ana buga mafi ƙarancin kaurinsa a gefe ko a cibiyarsa, bayan haruffan MIN TH. In ya kai nan, ko an sha kai shi wajen masu feƙewa, lokacin sabo ya yi, kuma ana sauya dama da hagu tare.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: notin fitar da iska dole ya kasance a saman kalifa. A motoci da yawa ta dama tana ɗauruwa a hagu ba tare da wata gardama ba, sai notin ya koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa. Irin wannan motar ko galan guda na mai aka zuba ba za ta taɓa yin feda ba, kuma an fi ganin haka bayan an saka kalifa ta hannu.

A baya, in duram ne kamar na yawancin Corolla da Golf da ke yawo a titunanmu, zare shi ka wanke ƙura da feshin wanke birki, kada ka hura da baki. Ɗaga robar ƙaramin silindan taya ka leƙa: in akwai danshi, yana yoyo, sauya shi. Sannan nemi ɗan ƙarfen saiti. A irin na Toyota wani tauraro ne mai haƙora da ake juyawa da sukundireba. Ƙara shi kaɗan-kaɗan, kana mayar da duram kana juyawa, har ka ji ɗan shafa kaɗan amma taya na juyawa da hannu ba wahala. Taka feda sau biyu lainin ya zauna a tsakiya, sake dubawa. A gyara wannan kafin a taɓa wayar birkin hannu. Masu ɗaure waya don rage tazara suna ɓoye matsalar ne kawai. Na fi amincewa da wannan saitin fiye da duk wani kayan ƙawa, domin a tsohuwar mota mai duram shi kaɗai yakan dawo da feda sama.

Mataki na uku: sabon mai da fitar da iska

Nan ne mafi yawan nasarar take, don haka a yi haƙuri da tsawon bayani.

Man birki na DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, wato lambobin nau'insa da ke jikin kwalba, duk daga sinadarin gilaikol ake yin su, kuma yana shan danshi daga iska. Bisa ƙa'idar Amurka da ake auna su da ita, sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Amma da ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a ciki, lambobin sukan faɗo zuwa 140 da 155 da 180. Birkin da aka danne tun daga saman Hawan Kibo da mota cike da mutane yana iya kai kalifa ga irin wannan zafi. Ruwan ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai ƙafa ta tafi ƙasa ba komai. Bayan an huta ya huce, fedar ta dawo, direba ya ɗauka ba abin da ya faru. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a sauya mai duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Motar da aka shigo da ita ta hannu, ɗauka kawai ba a taɓa sauya mata ba.

Karanta murfin tanki, an rubuta wanda motar ke so. Motar DOT 3 tana karɓar DOT 4. DOT 5 da babu ɗigo ɗaya a bayansa na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kada lambar ta ruɗe ka. Sayi kwalba mai rufaffen hatimi, lita guda tana isar ƙaramar mota. Ragowar da ta kwana watanni a but ɗin mota a buɗe ta riga ta sha ruwa. Man inji ko man giya ko na sitiyari in ya shiga tankin nan, duk robobin birki sai sun kumbura, gyaran kuma ya zama na sauya komai. Ruwan omo da wasu ke ɗurawa a kan hanya yana tafasa wajen digiri 100 kuma yana cin ƙarfe daga ciki. In an taɓa yi wa motarka haka, wanke layin duka ka sa ido a kan masta da silindan taya.

Kayan aiki: sifana mai zobe daidai da notin iska, yawanci lamba 8 ko 10, siririn tiyo mai nuna ciki, tsabtatacciyar kwalba, sirinji, tsumma, da mutum ɗaya mai jin magana da zai zauna a kujerar direba.

Zuƙe tsohon mai daga tanki da sirinji, amma ka bar kaɗan ya rufe ramukan ƙasa. Cika da sabo. Sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙarshe. A tsohon masta, ƙarshen ramin da fistin bai saba zuwa ba yana da tsatsa da datti, in aka tura roba can sai ta yage. Mutane da yawa sun shiga bilidin da lafiyayyen masta sun fito da matacce ta wannan hanyar.

A al'ada ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. A motocinmu masu sitiyari a hagu, wato bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. Wasu motoci, har da Honda da yawa, suna da nasu jerin, don haka in kana da littafin motar bi abin da ya ce.

Sa sifana a noti, ɗaura tiyo a bakinsa, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Ka ce wa na ciki: "Buga." Ya taka a hankali sau uku. "Riƙe." Ya danne ya amsa da cewa ya riƙe. Ka buɗe noti kamar rubu'in juyi, mai ya fito, feda ta sauka kan katako. Ka rufe noti, sannan ka ce: "Saki." Tsarin nan ba ya karɓar gaggawa. In ya saki kafin ka rufe, iska ta koma ciki. In yana bugawa da sauri, yana farfasa manyan kumfa su zama ƙanana masu wuyar fita.

Kalli tiyon da kyau. Da farko za ka ga mai baƙi-baƙi yana tafe, wani lokaci da ɗigon datti. Sai kumfa su biyo, manya da farko, daga baya ƙanana suna bin juna a jere. Daga nan launi ya fara washewa har ya koma garau kamar na cikin kwalbar da ka buɗe. Kada ka tsaya a nan take. Ɗan ƙwanƙwasa jikin kalifa da bakin sifana, sake yi sau biyu, sau da yawa wasu kumfa da suka maƙale a lungu sai yanzu za su fito. Bayan kowane buɗewa huɗu ko biyar leƙa tanki ka ƙara mai. In ya ƙafe, ka koma farko. Ɗaure noti ya kama kawai, siriri ne kuma rami ne a cikinsa, yana karyewa. Man da ya zuba a fenti a wanke shi da ruwa nan take, yana cin fenti.

Motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki da ƙarfi, ana yi mata haka ba matsala, muddin tanki bai taɓa ƙafewa ba. In iska ta shiga akwatin ABS ɗin kansa, wasu motocin sai an jona kwamfutar gwaji ta buɗe bawul-bawul ɗin ciki ana bilidin. Wanda ya yi zagaye uku feda ba ta zo ba, ya nemi garejin da ke da wannan na'urar maimakon ya ci gaba da zubar da mai.

Gwada motar a nan kafin ka ƙara sayen komai. Mafi yawan mutane a nan aikinsu ke ƙarewa.

Mataki na huɗu: tiyo

Tsakanin bututun ƙarfe da kowace taya akwai gajeren tiyon roba, saboda taya tana hawa da sauka. Sa wani ya taka da ƙarfi, kai kuma ka riƙe tiyon a tafin hannu. Ɗan motsi ba laifi. In ka ji yana cika hannu, ko ka ga ƙari ko tsagewa ko danshi kusa da bakin ƙarfen, ya gama aiki. Sabon tiyon roba na kirki ya wadatar ga motar gida.

Mai son abin da ya fi haka sai ya nemi tiyo mai saƙar ƙarfe: cikinsa bututun Teflon ne, wajensa saƙaƙƙiyar wayar ƙarfe marar tsatsa, don haka kusan ba ya kumbura. Goodridge da HEL na Ingila suna yin saiti na kowace mota daban. Bambancin yana fitowa ne a taku mai ƙarfi, fedar ta tsaya wuri ɗaya. A takun yau da kullum cikin gari kaɗan za ka ji, kuma wani ɓangare na abin da mutane ke yabawa sabon man da aka zuba lokacin ɗaurawa ne. Yana da aibinsa: lalacewarsa ba ta nunawa a waje kamar ta roba, kuma in yana gogar wani abu saƙar tana cinye shi. A sayi mai rigar roba a waje, a guji wanda aka harhaɗa a kasuwa ba suna ba lamba.

Wajen ɗaurawa, fesa man sassauta tsatsa tun da wuri, musamman a motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Yi amfani da sifanar bututu, mai zobe da 'yar tsaga, domin ta baki biyu tana cinye kan noti. Fara ɗaura zaren da hannu. Sa sabbin washa na tagulla biyu a notin da ke shiga kalifa, tsoffin ba sa sake rufewa da kyau. Layin da ke jikin tiyo ya tafi a miƙe ba murɗewa. Mayar da duk maƙalai, juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu ka tabbata tiyo bai ja ba kuma bai taɓa taya ba. Sannan a sake bilidin.

Mataki na biyar: fad

Fad ma yana matsuwa, kuma na jabu ya fi matsuwa, ya fi saurin sakin kamu in ya yi zafi. Kwalin Bosch ko Ferodo ko Textar ko Akebono ba shi ne shaida ba, kwali ana buga shi ko'ina. Sayi wajen dilan da zai karɓi kayansa in sun ba da matsala, kuma ka juya fad ɗin ka duba. Na kasuwar Turai suna ɗauke da alamar R90. Na kasuwar Amurka suna da haruffa biyu a gefe ko a baya, kamar EE ko FF ko GG: na farko ƙarfin kamu a ƙaramin zafi, na biyu a babban zafi. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. FF ya isa motar gida, GG ya fi cizo. Fad na tsere ba na titi ba ne, da yawansu sai sun yi zafi suke kamawa.

Sabon fad yakan sa feda ta yi ɗan laushi har ya zauna. Bayan ɗaurawa, buga feda har ta yi tauri kafin motar ta motsa, domin fistin yana can baya inda ka tura shi. Nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, tashi zuwa gudun kilomita 60 a awa, taka da matsakaicin ƙarfi zuwa kamar 10, kada ka tsaya cak, sake tashi. Yi haka sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba taka birki don ya huce. Tsayawa da ƙafa a kan feda alhali faifai na da zafi yana barin tambarin fad a jikinsa, daga nan karkarwar sitiyari ke farawa.

Manyan kalifa da babban masta

Nan ne samari masu son gyaran mota ke yawan faɗawa rami. Ana ɗauko kalifar babbar mota a ɗora wa ƙarama da zaton feda za ta yi ƙarfi, sai ta ƙara nisa. Lissafin ba wuya: fistin mai faɗin milimita 60 a madadin mai 54 yana buƙatar ƙarin mai kusan kashi 23 cikin ɗari kafin ya yi tafiya iri ɗaya, masta kuwa yana nan yadda yake. Ga shi kuma rabon birki tsakanin gaba da baya ya sauya, ABS an saita shi ne da na asali.

Babban masta yana yin akasin haka. Daga mai rami milimita 22.2 zuwa 23.8, feda takan gajarta ta yi tauri, amma ƙafa za ta ƙara ƙarfi kusan kashi 15 cikin ɗari kafin ta sami kamun da take samu a da. Taurin ya ƙaru, tsayawa ba ta ƙaru ba, kuma in mai ƙaramin ƙarfi ne zai tuƙa motar, an cuce shi. Ga motar da ake kai yara makaranta da ita, shawarata a bar girman da kamfani ya sa. In masta ya mutu, a sa sabo mai lamba ɗaya, a fitar masa da iska a kan benci kafin a ɗaura.

Kada kuma a yarda wani ya tsawaita sandar da ke tsakanin bosta da masta don feda ta kama tun daga sama. In ta wuce kima tana toshe ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki. Za a bar gareji ana murna, bayan 'yan kilomitoci mai ya yi zafi ya rasa hanyar komawa, tayoyi su kama da kansu. Feda tana buƙatar ɗan wasa na 'yan milimita a sama.

Gwajin ƙarshe

Ɗaure notocin taya da mota a ƙasa. Inji na aiki, danne feda da ƙarfi tsawon minti guda, sannan ka bi kowane mahaɗi da busasshen tsumma ko farar takarda kana neman danshi. Fara tafiya a hankali a cikin layi, taka, ƙara gudu kaɗan, sake takawa, ka lura ko motar na ja gefe guda. Bayan tafiyar kamar minti goma, kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi sosai yana kamawa, in na baya ne ka sassauta saitin duram haƙori biyu ko uku. Duba iskar taya da sauran zanenta, domin nisan da mota ke ci kafin ta tsaya a hannun taya yake, komai kyawun feda. Yi alama da biro a jikin tankin mai daidai inda man ya tsaya, ka duba washegari da kuma bayan mako guda. In ya sauka daga alamar, akwai yoyon da ba ka gani ba, kuma motar ba ta hau babbar hanya sai an gano shi.